Amsar Kawu kan maganar na ɗaya da na ƙarshe a lakwal

Ɗiyata, saƙonki ya iso, ina gajiya ina yara. Kin ce mushe, wato malamin lakwal, ya karanta sakamakon jarrabawar kompozisiyo gaban kowa yaronki ya fito can ƙasa, kina tambaya wai jera yara daga na ɗaya har na ƙarshe al'adarmu ce ta gado, kuma ko ki sa mishi bulala.

Ba tamu ba ce, Faransawa suka zo da ita tare da lakwal. A makarantar allo kowa da allonsa, wanda ya riƙe karatu ya wanke a rubuta mishi na gaba, ran sauka a yi walima, ba a cewa wane ya fi wane. Kuma zamanin Nasara da aka ce sarakai su kawo yara, da yawa ɓoye nasu suka yi suka tura ɗiyan talakawa da na barori, to su ɗin ne suka zama komi (akawun ofis) da mushe, da aka samu 'yanci a 1960 ofis-ofis suka faɗo hannunsu, daga nan mutane suka yarda takarda ke ɗaga mutum. Lokacin kam gaskiya ne, mai burbe, takardar gama kolaji, ba ya rasa aiki.

Amma ki lura da wa ke zuwa na ɗaya. A ajinmu galibi ɗiyan ma'aikata ne, suna jin Faransanci a gida, ga fitila ga mai duba musu kaye, mu kuwa ka kuskura ka yi Hausa a rataya maka sambol, alamar horo, a wuya ka wuni kana fakon wanda za ka liƙa ma shi. Yarinyar da ta yi tallan ƙosai kafin ta shigo aji tana gyangyaɗi sai a ce daƙiƙiya ce, haba! Ban ce ƙwazo ba komi ba ne fa, na ga ɗan manomi da ya kere kowa, sai dai irinsu nawa ne?

Ga alhazan Maradi nan, gyaɗa da hanyar Jibiya da Katsina suka yi su, wasu ko CI, ajin farko na lakwal, ba su shiga ba, yau masu bak, takardar gama sakandare, ke riƙe musu lissafi, wasu yaran kuma sun gama jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suna kabu-kabu.

Kar ki buge shi. Ki je da kanki ki ga mushen, ki tambaya ina yake zama, yana hango tablo kuwa, don in aji ya cika maƙil na baya sai dai su ji hayaniya. Kuma ki rage mishi aike bayan magariba, a ba yayansa. Ki gaida maigidan.