Jakar iskar da ke ɓoye a gefen kujera

Ɗana, jiya ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka kwance kujerar direba kafin a cire kan batir, da kuma ma'anar rubutun SRS da ka gani a ɗan ƙyallen da ke gefenta. SRS taƙaitawar Supplemental Restraint System ce a Turance, wato ƙarin kariya bayan bel, kuma alama ce cewa akwai jakar iska a kujerar.

A cikin majinginar kujerar, ta ɓangaren ƙofa, akwai jaka a naɗe, haɗe da ɗan bututun ƙarfe mai ɗauke da sinadari. Kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin ne ya fara sanya irinta a motarsa samfurin 850 a shekarar 1994. Idan karo na gaba da gaba ne, bonet da inji suna shanye bugun kafin ya iso ga mutum, amma idan wata mota ta shigo ta gefe, kamar yadda yake faruwa a mahaɗar titi, babu abin da ke tsakaninta da haƙarƙarin direba sai ƙofa da 'yar tazara kaɗan. Sensa da ke cikin ƙofa ko a ginshiƙin da ke tsakanin ƙofofi biyu ita ce take jin bugun, ta sanar da kwamfutar motar, ita kuma ta tura wuta zuwa bututun. Sinadarin ya kama, iska ta cika jakar, ta shiga tsakanin jikin mutum da ƙofa tun ido bai gama ƙiftawa ba. An sanya ta a jikin kujera ne domin duk inda aka matsar da kujerar, jakar tana nan daidai da ƙirjin mai zama.

Hanyar fitarta ɗaya ce, wato ɗinkin gefen kujerar, wanda aka yi da zaren da zai tsinke da zarar jakar ta tunkuɗo shi. Wannan ne abin da yake damuna ƙwarai game da rigunan kujera na leda da mutanenmu suke ɗinka wa motocinsu da zare mai ƙarfi. Mai mota yana ganin ya kare kujerarsa daga datti, alhali ya toshe ƙofar abin da zai kare huhunsa. Idan irin wannan ta shigo garejin nan, ka faɗa masa gaskiya cikin ladabi.

Game da batir kuwa, kwamfutar tana riƙe sauran wuta ko bayan an cire shi, saboda haka ni minti 3 nake jira kafin in taɓa soket mai launin rawaya da ke ƙarƙashin kujera. Kada ka kuskura ka ɗora masa mitar awon wuta, domin 'yar wutar da take fitarwa tana iya tayar da jakar a fuskarka. Idan fitilar gargaɗi ta SRS da ke gaban direba ta ƙi mutuwa, fara duba soket ɗin nan, don yawan ja da tura kujera yana sassauta shi. Wasu suna cusa resista, wato ɗan abin da yake yaudarar kwamfutar, a wurin don fitilar ta mutu alhali jakar ba ta aiki. Ban yarda a yi haka a garejina ba, ko da mai motar ne da kansa ya nema.