Wai da gaske Shaiɗan ne ya rubuta littafin nan a dare ɗaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Wani hoto ne yake ta yawo a guruf ɗinmu na WhatsApp, wani ƙaton tsohon littafi da zanen wata halitta mai ƙaho da farata, wai Shaiɗan ne ya rubuta shi a dare ɗaya kuma duk wanda ya kalla sai ya yi mafarkinsa. Ni dai tun ranar a tsorace nake. Gaskiya ne? Kuma mutanen da a ina suka ga Shaiɗan har suke zana shi?
Daga wata ɗaliba, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, kwantar da hankalinki. Littafin akwai shi kam, sunansa Codex Gigas, yana ɗakin karatu na ƙasa a Stockholm babban birnin Siwidin. A farkon ƙarni na 13 aka rubuta shi a yankin Bohemiya, ƙasar Cek ta yanzu, a kan fata, tsayinsa santimita 92 nauyinsa wajen kilo 75, kinga mutum ɗaya ma ba zai ɗauka cikin daɗin rai ba. Sojojin Siwidin ne suka kwaso shi ganima daga birnin Prague a 1648.

Zancen dare ɗaya kuwa almara ce, wai wani ɗan zuhudu na kirista ne aka yanke wa hukuncin a gine shi da rai cikin bango, shine ya yi alƙawarin gama littafi kafin gari ya waye, da ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya sayar wa Shaiɗan ransa. Masana da suka bi rubutun sun yarda hannun mutum ɗaya ne, amma aikin shekara ashirin ne ko fiye. Kuma abin da ke ciki Baibul ne da Latin, sai tarihi da ilimin magani da kalanda. Hoton da ya tsorata ki, mai koriyar fuska da jan harshe biyu, shafin da ke kallonsa zanen birnin Aljanna ne, wato wa'azi marubucin yake yi, ga can ga nan ka zaɓa. Masu turawa a guruf basa haɗawa da wannan shafin, don ba zai ba da tsoro ba.

Toh a ina suka gan shi? Basu gan shi ba. Suratul A'araf aya ta 27 ta ce shi da ƙabilarsa suna ganinmu ta inda mu bama ganinsu. Harhaɗawa kawai masu zanen suka yi, ƙaho da kofaton akuya da yawan masana tarihi na ganin aro ne daga Pan, wani abin bautar Girkawan da, fiffiken jemage kuma don ya bambanta da na tsuntsu da suke yi wa mala'iku. Wasu hotunan da ke yawo ma ba su tsufa haka ba, irin mujiyar nan mai dogayen ƙafafu da kambi, ko mai kai uku na mage da mutum da kwaɗo, daga wani littafi ne mai suna Dictionnaire Infernal na marubuci Collin de Plancy, bugun 1863 a Faransa, wani Louis Le Breton ne ya zana su kuma shi asali mai zanen jiragen ruwa ne fa.

Kada ki ɗauka turawa ne kaɗai. Akwai Kitabul Bulhan na Larabci, na ƙarshen ƙarni na 14, yana ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, cike yake da zanen sarakunan aljanu irin su Shamhurish da Maimun, sunayen da masu leƙa littattafan tsibbu ba za su ji baƙi ba, kowanne da ƙahonsa da hauru da hadimansa. Ni a ganina waɗannan sun fi na turawan kyan zane nesa ba kusa ba.

Maganar mafarki, abin da mutum ya kwana da shi a rai shi yake gani. A 2007 an kai littafin Codex Gigas Prague aro, jama'a suka yi ta layi suna kallon shafin Shaiɗan ɗin, kuma ɗakin karatun na Stockholm da kansa ya ɗora shi gaba ɗaya a intanet kyauta.