Sikanin mai launi: ya cancanci ƙarin kuɗin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku da aurena ban samu rabo ba. Na je sikanin, mai na'urar ya ce in ƙara kuɗi a yi min mai launi, wai Doppler, ya fi nuna komai. In biya? Daga wata 'yar'uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya kawo masu albarka. Kafin ki zuge jaka, wa ya nemi wannan hoton, likitarki ko mai shagon? In mai shagon ne, riƙe kuɗinki.

Sikanin na yau da kullum, mai fari da baƙi, shi ke nuna siffar mahaifa, kaurin shimfiɗarta, ƙari in akwai, da ƙwayayen da ke girma. Doppler gudun jini yake aunawa: sautin da na'urar ta tura yakan dawo da ɗan sauyi idan ya bugi jini mai tafiya, abin da Christian Doppler, ɗan Ostiriya, ya bayyana tushensa a 1842. Ja na nufin jinin na nufo kan na'urar, shuɗi kuma yana yin nesa da ita. Na sha jin mata na cewa "an ga ja a marata, ashe ciwo ne". Ba ciwo ba ne, alkibla ce kawai.

Ga mai neman haihuwa, abin da aka fi zargi shi ne toshewar bututun mahaifa, rashin sakin ƙwai, ko raunin maniyyi. Doppler bai nuna toshewar bututu, wannan aikin hoton HSG ne, wanda ake zuba ruwa na musamman a mahaifa a ga ko ya bi ta bututun. Kuma maigida ya yi nasa gwajin? Sau da yawa nan gizo ke saƙar, amma mace kaɗai ake ta jigila da ita.

Inda yake da amfani, ba a jayayya: ciwon mara mai tsanani farat ɗaya da ake zargin gidan ƙwai ya murɗe, kumburin da ake son sanin ko jijiyoyin jini sun cika shi, zubar jinin da ta ƙi tsayawa bayan ɓari. Ga mai juna biyu kuma, ana auna jijiyoyin mahaifa a mako na 20 zuwa 24 idan ana tsoron hawan jinin ciki, ana auna na cibiya idan jariri bai girma yadda ya kamata. A watanni ukun farko ba a yin sa sai da dalili, don ƙarfin sautinsa ya fi na sikanin gama-gari.

Tambaya: Uwargida na da cikin wata shida. Na ga 'yar na'urar jin bugun zuciyar jariri a intanet, ina so in saya mata. Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Malam, niyyarka ta yi kyau, amma ban ba ka shawara ba. Zuciyar ɗan tayi na bugawa sau 110 zuwa 160 a minti, kuma wanda bai koya ba yakan kama bugun uwar ko ƙarar gudun jinin mabiyiya ya ɗauka na jariri ne, hankali ya kwanta alhali akwai matsala. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kan amfani da irin wannan na'ura a gida. Kuɗin ka zuba a awo da abinci mai kyau. Ranar da ta ce motsi ya ragu, ko da tsakar dare ne, ɗauko makullin mashin ku tafi asibiti.