Injin Casar Shinkafa da Tsarin Kula da Muhalli

Tambaya: Muna da injin casar shinkafa a Kura, da ma'aikata 25. Masu ba da rance sun ce sai mun kawo tsarin kula da muhalli da jama'a. Ta ina za mu fara? Daga wani mai karatu, Kano.

Amsa: Alhaji, ku fara da awo kafin rubutu. Ku yi wata uku kuna rubuta dizal da ruwan da kowace tan ta shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ke ci, da ɓuntun da take fitarwa. Da waɗannan alƙaluma za ku sa wa kanku buri na shekara uku.

Ɓuntu ne babban lamari. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera ɓuntu ne, wato kilo 200 a kowace tan. Ƙona shi a fili asara ce, ga hayaƙin da ke shaƙe maƙwabta. Ku mai da shi makamashin tukunyar turara maimakon itace. Sai dai tokarsa tana da yawa, idan ba a kwashe kullum ba takan toshe hanyar iska, wuta ta yi sanyi. Mai kwasa ya sa takunkumi, domin ƙurar tana illata huhu.

Ruwan jiƙon shinkafa kuwa ruɓewa yake yi, ya yi ɗoyi. Ku bi da shi ta rami biyu ya kwanta kafin a sake shi, kuma nesa da rijiya.

Ku damƙa aikin ga mutum ɗaya da kasafinsa, don rashin mai alhaki kan kashe tsari. Ku zauna da mai unguwa duk wata uku ku ji koken jama'a, sannan ku tuntuɓi NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, kan ƙa'idojin zubar da ruwan masana'anta.