Tambaya da Amsa: Muna son ɗaukar riƙon yaro, ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekararmu 11 da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba, shi ne ni da maigidana muka yi shawarar ɗaukar riƙon jariri. Wata ta ce in muka ba da kuɗi za ta samo mana jinjiri ba sai mun sha wahalar ofis ba. Mene ne shawararku? Daga wata baiwar Allah, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kawo masu albarka. Waccan mai samo jinjiri ki rabu da ita tun yau. Cinikin jariri fataucin mutane ne, irin laifin da hukumar NAPTIP ke kama mutane a kai, kuma ba ki da tabbacin ba sato shi aka yi ba. Ran da uwarsa ta ɓullo, wadda aka samu da ɗa a hannu ita za a fara tuhuma.

Ku tafi tare da maigida sashen jin daɗin jama'a na Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha, ku kai takardar neman riƙo. Yawanci za a nemi shaidar aure, katin ɗan ƙasa, hotuna, takardar likita, shaidar sana'a ko albashi, da wanda zai tsaya muku, kamar mai unguwa ko hakimi. Daga nan jami'ai za su zo gida su ga inda yaron zai kwana, su ji ta bakin kowa. A nan ne magana ta fi lalacewa: miji ya amsa a baki don ya faranta wa mata, ko abokiyar zama ba ta san da zancen ba. Ku gama wannan a cikin gida kafin a zo. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce ma'aurata su kai shekara 25, ɗayansu ya girmi yaron da aƙalla shekara 21, kuma ya zauna a hannunsu wata 3 a jere kafin kotu ta ba da umarni. Kowace jiha da tata dokar, don haka ku nemi jami'in ya karanta muku sharuɗɗan Katsina. Kada ku daina bibiya har sai kun riƙe takardar kotu a hannu.

Da an miƙa muku shi, asibiti kafin suna da walima. A duba jininsa ko yana da sikila, a gwada ciwon hanta da ƙanjamau, a buɗe masa katin rigakafi. A lura, jaririn da bai kai wata 18 ba, gwajin ƙanjamau na gaggawa yana iya nuna abin da ya samo daga jinin uwarsa ne kawai, sai an yi gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar cutar kanta, ake tabbatarwa. Kafin wata 6 kuma, in ba nono, madarar gwangwani ta jarirai zalla, da tafasasshen ruwa da ma'aunin da ke cikin gwangwanin. Ba koko, ba madarar shayi.

Tambaya: Namiji muke son ɗauka. In ya balaga matata za ta riƙa sa hijabi a gabansa ke nan? Kuma zan iya sa masa sunana? Daga wani magidanci a Daura.

Amsa: Malam, sunan ne ba ya yiwuwa. Aya ta 4 da ta 5 a Suratul Ahzab sun hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba. Zaidu ɗan Harisa ana ce masa ɗan Muhammadu kafin saukarsu, sai aka mayar da shi ga sunan mahaifinsa. Riƙon kansa kuwa, wanda malamai ke cewa kafala, lada ne babba. Ka ciyar, ka ilmantar, ka aurar, amma a takardar haihuwa da ta makaranta kada ka rubuta kanka a gurbin uba.

Maganar hijabi shayarwa ke warware ta. A mazhabar Malikiyya, nono ko kaɗan ne, in dai ya isa cikin yaro a cikin shekara 2 na farko kafin a yaye shi, ya haramta aure. Shafi'awa sun ce sai sau 5, shi ya sa masu son fita daga saɓani ke cika biyar ɗin. In matarka na da nono, shi ke nan, ya zama ɗanku ta shayarwa. In ba ta da shi, 'yar'uwarta mai goyo ta shayar da shi, matarka ta zama innarsa. Da mace ce, 'yar'uwarka za ta shayar, ka zama kawunta. A yi a gaban shaidu a rubuta rana, domin bayan shekara 20 ana mantuwa, kuma 'ya'yan wadda ta shayar sun zama 'yan'uwansa, babu aure a tsakani. Yaron da ya wuce yaye kuwa dabarar ta wuce shi, hukuncinsa na baƙo ne in ya balaga.

Tambaya: 'Yar riƙo tana cin gado? Daga wata uwar riƙo, Sabuwar Unguwa.

Amsa: Ba ta ci, Hajiya, ko da kin shayar da ita. Gadonta yana wajen danginta na jini. Mun san gidajen da ana gama sadakar uku magada ke nuna wa yarinya ƙofa, alhali ita ta yi jinyar mamacin. Hanya biyu gare ki. Wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya sai da yardar magada: in kin bar naira miliyan 3 bayan an biya bashi da hidimar jana'iza, iyakarta miliyan 1. Ko kuma kyauta tun kina da rai da lafiya, wannan ba ta da iyakar sulusi, amma sai abin ya fita daga hannunki. Filin da aka ce "na ba ta" a baki, takardunsa na cikin akwatinki har kika rasu, ya koma cikin gado. Ki canja sunan takardar, ki kira shaidu biyu, in yarinyar ƙarama ce a je gaban alƙali a naɗa wanda zai riƙe mata.