Kulocin Beljiyam a motar fowil: in saka ko in haƙura in sayi sabo?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Hilux mai giyar hannu ƙirar 2008, da ita nake ɗauko kayan gona daga wajen Ɗambatta. Kwana biyun nan in na taka totur sai injin ya yi ta ihu amma motar ba ta ja, ga warin ƙauri in na ɗau kaya. Bakanikena ya ce kuloci ne ya tafi, wai in shiga Ƙofar Ruwa in samo Beljiyam don ya fi sabon yanzu ƙarko kuma ya fi sauƙin kuɗi. Wallahi aljihun ba nauyi ga kaka ta matso, tsorona kar in kashe kuɗi sau biyu. Daga wani mai karatu a Kurna.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya rufa asiri. Alamomin da ka faɗa na kuloci mai zamewa ne, in kana so ka tabbatar ka samu fili ba kowa a gabanka, ka ja hanbirki, ka saka giya ta huɗu ka saki kulocin a hankali, in motar ba ta mutu nan take ba to zance ya ƙare. Shawarata kai tsaye: kar ka saka na hannu.

Dalilin farko wahalar aikin ce. Ƙaramar mota daban, fowil mai ja da taya huɗu daban. Kafin a kai ga kulocin Hilux sai an kwance farfela ta gaba da ta baya, an cire sitata, an sauke giyabos tare da akwatin ogzileri mai raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya da ke manne a bayansa, ƙarfe ne mai nauyin gaske da sai da jak ko ƙarti su taru a kansa. In Beljiyam ɗin ya mutu bayan wata biyu wannan aikin za a sake daga farko, kuɗin hannu kuma ba wanda zai yafe maka, ga motar a ajiye lokacin da ya kamata tana kan hanya.

Amma abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne wannan magana ta "Beljiyam orijina ne, ya fi sabo" da nake ji kullum a gareji har ta zama kamar karatu. Eh gaskiya ne a wasu kayan. Ƙofa, fitila, akzil, kai har giyabos sukutum ina saya na hannu kuma ina ba mutane shawarar su saya. To amma kuloci abu ne da aka ƙera shi don ya cinye, kamar dai takalmin birki, duk tafiyar da ya yi a motar wani an zare ta daga rayuwarsa. Mai shago zai ɗago maka diskin ya ce duba kaurinsa Alhaji, ko rabi bai ci ba, kai kuma ka shafa da yatsa ka ji daɗi. Kaurin kaɗai ake gani ai. Ƙarfin kuloci yana cikin fireshe fileti, wannan sifirin mai yatsu da ke matse diski a jikin filawil, kuma in ya sha zafi ƙarfinsa raguwa yake ba tare da ya canza kama ba, ba idon da zai gane, nawa ma da nake wannan sana'ar ba zai gane ba. Ka juya filetin ka duba fuskarsa, in ka ga tabo shuɗi-shuɗi ko ƙananan tsaga kamar gashi to ya taɓa ƙonewa, sai dai kuma wasu kafin ka zo sun goge shi da samfefa sun wanke da fetur sun fesa fenti yana ta sheƙi. Akwai ma masu cire tsohon lainin, wato abin da ke cinyewa a fuskar diskin, su buga wani mai arha da ribit a bayan shago su ce maka yanzu aka sauke shi daga kwantena. Wannan ha'inci ne, ba wani suna da za a ba shi.

Kuma mutane sun ɗauka in kuloci ya mutu ai tsayawa kawai motar za ta yi a gefen titi. Ina! Lokacin da ake neman ƙarfinsa yake ba da kunya, ka fito obatekin ɗin tirela a hanyar Katsina da buhu cike a baya, ka taka totur injin ya ɗaga murya motar ta ƙi gaba, ga wata ta taho. Ko a tsakiyar yashi ko taɓo a ƙauyen da ko sabis babu. Bakaniken da ya ce "ai zai kai ka" ba ya cikin motar a lokacin, kai ne da yaran da ka ɗauko.

Abin da za ka yi, ka sayi cikakken saiti sabo, diski da fileti da rilis boris, duka lokaci ɗaya. Kar ka yarda a haɗa sabon diski da tsohon fileti wai don ragi. Ba dole sai mai kwalin Toyota ba, Aisin na cikin kamfanonin da ke yi wa Toyota kuloci tun asali, Exedy ma mai kyau ne, amma jabu ya yi yawa a kwalaye masu kyan gani, don haka ka je da lambar shasi ko tsohon naka a hannu, wajen dilan da zai ba ka rasit kuma ya yarda ka dawo masa. Tunda an riga an buɗe, a duba filawil in ya yi tabo a kai a feƙe shi, a canza ƙaramin boris na tsakiyarsa, a duba oyil sil na bayan injin, don in yana ɗigo da baƙin mai sabon diskin ma zai jiƙe ya fara zamewa. A duba masta da silef na kuloci ko suna yoyon man birki. Ƙurar da ke ciki kuma kar a bar yaran gareji su hure ta da baki ko iska, wasu lainin akwai asbestos a ciki kuma yana illata huhu, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

In kuɗin bai cika ba gara ka ajiye motar sati ɗaya ko biyu ka haɗa, ko ka yi hayar wata ta kwaso maka kayan. Bayan an gyara kuma, in ka shiga yashi ka tsaya ka saka 4L, wato ƙaramar giyar fowil mai ƙarfin ja, ka saki kulocin gaba ɗaya motar ta ja da kanta, wannan riƙe rabin kuloci ana banka totur shi ne ke ƙone yawancin waɗanda ake kawo min. Sati na farko ka rage lodi har diskin ya zauna.