Ejan na neman miliyan 15 don ya samo mini aiki a Ingila, in biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna. Wani ejan ya ce in kawo naira miliyan 15 ya samo mini takardar ɗaukar nauyi ta aikin kula da tsofaffi a Ingila, wai bayan shekara 5 zan samu izinin zama na dindindin. Mahaifina na shirin sayar da filinsa. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki roƙi Baba ya dakata da maganar filin nan tun yau.

Tun ranar 22 ga Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta rufe ƙofar ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. To wace takarda ejan ɗin zai kawo miki?

Wallahi na gaji da jin "na sayi CoS", wato takardar ɗaukar nauyi. Takardar ɗaukar nauyi ba hajar kasuwa ba ce. Lamba ce da kamfani mai lasisi ke fitarwa ga wanda ya ɗauka aiki na gaske, kuma kamfanin ne ke biyan kuɗinta, fam 525. Doka ta hana a ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗi. Kullum sai an turo mini hoton wata takarda ta WhatsApp, da tambari da sa hannu, ana tambayata ko ta gaske ce. Ko da ta gaske ce, idan babu aiki a bayanta fa? Mutum ya sauka London, ya kira lambar kamfanin, ba a ɗauka. Ran da aka soke lasisin kamfanin, yawanci kwana 60 ake ba ma'aikacin ya samu wani kamfanin ko ya tattara kayansa. Daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 an soke lasisi sama da 470 a wannan fanni kaɗai. Idan kuma aka kama ki da takardar bogi, ana iya hana ki biza har shekara 10, ejan yana gida yana cin kuɗinki.

Shekara 5 ɗin ma sai ana aiki, ana karɓar albashi, an ci jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya. A Mayun 2025 gwamnati ta gabatar da shirin mayar da wa'adin shekara 10.

Ke da kike da shaidar jinya, hanyarki daban ce. Ki ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, ki nemi rajista da NMC, hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, ki rubuta jarrabawarta ta kwamfuta da ake kira CBT, sannan ki nemi aiki da kanki. Duk asibitin da ya kira ki, ki duba sunansa a jerin masu lasisi da ke shafin gov.uk kafin ki tura ko da hoton fasfo.